Amsar Uwar Ɗan Fari

Akwai abin da zai sami mutum a wurin aiki, ya kwana biyu yana jimami, ya manta. Wannan da zan ba ku labarinsa ba ya cikinsu. Ko da zan tsufa har in manta hanyar gidanmu, ba zan manta da matar nan da ɗanta ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna sai abinci ya fita daga raina.

A lokacin ina aikin jinya a wani asibiti a cikin Gombe, sai aka saka ni cikin wani aikin bincike kan masu ciwon zuciya. Irin ciwon nan ne da yake farawa da ciwon maƙogwaro tun mutum yana yaro, a ba shi jiƙe-jiƙe ya lafa, ashe ya gangara yana cin ƙofofin zuciya a hankali. Sai an girma ƙafa ta fara kumbura, numfashi ya fara gagara. Maganinsa na gaskiya tiyata ce, a buɗe ƙirji a gyara ƙofar ko a sauya ta, mu kuwa a wancan lokacin ba a yin ta a asibitinmu. Aikina shi ne in ɗebi jini, in goga auduga a maƙogwaro, in liƙa lamba a jikin 'yan kwalabe, in jera su cikin kula mai ƙanƙara. Daga nan sai in zaunar da majiyyaci da iyayensa in yi musu tambayoyi, ina shigar da amsoshin a kwamfutar hannu. Likitan da ke shugabantarmu, wani mutumin kudancin Gombe mai sanyin hali, shi ke ɗaukar hoton zuciya.

Tun a wurin horo aka ja mana kunne: abin da mutum ya faɗa da bakinsa shi za ki shigar, ba abin da kike tsammani ba. Da kin danna kuma ya tafi can wurin manyan masu binciken, ba ya dawowa. An kuma gaya mana cewa wasu likitocin tiyata za su zo daga nesa su yi wa 'yan kaɗan aiki kyauta, kuma cikin bayanan nan za su duba su zaɓi waɗanda ciwo ya fi ci. Saboda haka tambayoyin nan ba na wasa ba ne. Amsa guda tana iya kai mutum ɗakin tiyata, tana kuma iya mayar da shi gida ya ci gaba da jira.

Wata Talata da hantsi keke ya sauke mutum uku a bakin ƙofarmu. Saurayi ne dogo, siriri, bai wuce shekara ashirin ba, sai wata tsohuwa mai sanda da baki kamar rediyo, sai wata mata da ta tsaya can baya ta ja mayafi har kan hanci. Fulani ne mazauna unguwar Manawashi. Saurayin yana gyaran babura a Bolari, don haka tun da na ga baƙin mai a faratansa na raɗa masa Injiniya. Ni dai Allah ya yi ni da tsokana, ko mai ciwo ban ƙyale ba. Na ce, “Injiniya, yau kai ne a kan benci, mu ne masu sufana.” Ya yi murmushi, amma sai da ya huta kafin ya iya amsa mini.

Kallo ɗaya na yi masa na san inda aka kwana. Jijiyar wuyansa tana harbawa ana gani daga nesa, ga shi ya zauna ya dafa gwiwoyi ya karkato gaba, zaman da duk ma'aikacin jinya ya sani. Na ɗebi jinin, na goga maƙogwaro, likita ya ɗauki hoto ya fito yana girgiza kai. Sai aka zo kan tambayoyi.

Tsohuwar ce ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Na ce, “Dada, wace ce mahaifiyarsa?”

Ta nuna ta bayan da sanda. “Waccan ce ta haife shi, amma ni ce uwarsa. Tun da aka yaye shi yake ɗakina. Maigidana ne, ki bi a hankali.”

Nan take na gane ɗan fari ne. Ni ma 'yar fari ce. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, “ke” nake, ko “waccan”. Na san kunyar ɗan fari ciki da bai. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban surukarta. A wurin Fulani kuwa abin ya fi namu tsanani nesa ba kusa ba.

Na fara da shi. “Injiniya, in ka yi tafiya daga nan zuwa bakin titi kana haki?”

“Nomal ne, Sista.”

“Kana iya kwanciya a miƙe har gari ya waye?”

Ya saci kallon inda mahaifiyarsa take, ya sunkuyar da kai. “Alhamdulillahi.”

“Alhamdulillahi e ne ko a'a? Na'urar nan ba ta da gurbin alhamdulillahi.”

“E, ina iyawa.”

Na juya wurin tsohuwar, ta ce ita ba ta taɓa jin ko tarinsa ba. Daga baya na lura kunnenta ɗaya ya mutu, ɗayan ma sai an ɗaga murya. Ta ƙara da cewa baki shi ke yanka wuya, ba za ta zauna ta yi wa jikanta mugun fata ba. Sai na kira uwar. Na ce, “Inna, matso kusa. Yana suma? Yana tarin jini? Ƙafarsa tana kumbura?”

Ba ta ɗago ba. Ta ce da wata siririyar murya, “Jam tan.” Lafiya lau ke nan da Fulatanci.

“Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Don Allah ki gaya mini abin da kika gani.”

“Ki tambayi kakarsa. Ni ban san komai a kansa ba.”

Na juya tambayar ta gaba, na juya ta ta baya, na yi lallashi, na yi barkwanci, ko gezau. Ina ji ina gani na shigar da amsoshin mai lafiya a kan sunan mutumin da zuciyarsa ke neman tsayawa. Akwai wani ɗan gurbi a ƙasa da aka bar wa ma'aikaci ya yi sharhi. Na rubuta cewa ban yarda da amsa ko ɗaya ba, na danna, ya tafi.

Suna fita na faɗa ofishin likita ko sallama ban yi ba. Na ce, “Likita, yaron nan ƙarya ya yi, kakarsa kurma ce, uwarsa kuma kunya ta ɗaure mata baki.”

Ya cire tabarau ya murza ido. “Sista, ni ma ina da ido. Hotonsa ba kyau. Amma masu mummunan hoto suna da yawa, kin gan su da idonki. In hoto ya zo ɗaya, amsar tambayoyin ce za ta raba gardama.” Sannan ya ce akwai hanya guda. In shi saurayin ko mahaifiyarsa suka dawo suka faɗi gaskiya da bakinsu kafin a rufe zaɓe, zai iya aika gyara. Sharhina ni kaɗai ba zai wadatar ba.

Ranar Asabar da la'asar na hau keke daga gidanmu a Hammadu Kafi na nufi Manawashi. Na iske Injiniya a zaure, an jingina masa matasai a bango, ƙafafun nan sun kumbura har fatar tana sheƙi. Ashe ranar da ya zo wurinmu sai da ya sha ƙwayar sa fitsari ta kemis don takalmi ya shige shi. Na tsuguna a gabansa na yi masa bayani dalla-dalla, na ce ya zo Litinin ya faɗi abin da yake ji, shi ke nan.

Ya ce, “Sista, kin ga yarinyar nan da ke kwance a kan benci ranar da muka zo? Ko zama ba ta iyawa. Ni namiji ne, zan iya jira.”

“Wa ya gaya maka zuciya ta san namiji?”

Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya rage murya ya ce, “Kuma Inna ba ta san abin ya kai haka ba. Ba ta shiga harkata. Kada ki tayar mata da hankali, don Allah.”

Na shiga cikin gida raina a ɓace. Na sami uwar a madafi ita kaɗai tana kaɗa miya. Ga babbar tukunya a kan murhu, ga kuma wata 'yar ƙarama a gefe. Na ɗauki ludayi na ɗanɗana ta ƙaramar ba tare da an ba ni izini ba, na ji babu gishiri ko ƙwaya ɗaya. Babu mai dafa miya lami a gida sai wanda ya san akwai mai kumburi, ya kuma je ya tambayo abin da ke rage shi.

Na ce, “Inna, wannan ta wa ce?”

“Ta mutanen gida ce.”

“Inna, ki dube ni. Ni ma 'yar fari ce, na san abin da ke ranki. Ba ce miki na yi ki kira sunansa ba. Ki zo asibiti ke kaɗai, in rufe ƙofa, ki faɗa mini a kunne. Kunya ba za ta yi masa numfashi ba.”

Hannunta ya tsaya a kan maburgi. Na ce a raina yau kam za ta yi magana. Sai tsohuwar ta ɗaga murya daga ɗaki tana tambayar wace baƙuwa ce aka bari a cikin hayaƙi. Nan take matar ta gyara mayafi, fuskarta ta koma yadda take. Ta ce, “Allah ya saka da alheri, Sista. In sha Allahu.” Ta ci gaba da kaɗa miyarta.

Litinin ta zo ta wuce, ba su zo ba. Na sake komawa gidan, aka ce ta je unguwa, alhali ga takalmanta a ƙofar ɗaki. Duk motsin keke a bakin asibiti sai na leƙa, har abokan aiki suka fara tsokanata wai ko miji nake jira. Aka rufe zaɓe. Da sunaye suka fito babu nasa.

Na koma wa likita da faɗa, har da buga tebur. Ya bar ni sai da na gaji don kaina. Sannan ya ce, “To, Sista, zaɓi wanda za mu cire mu sa shi.” Na tuna fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Akwai yarinyar nan ta kan benci, akwai wata mai jego daga Bolari da ba ta iya ɗaukar jaririnta. Babu wanda ya shiga da ƙarya, kowa gaskiyar ciwonsa ya faɗa. Na fita na shiga ɗakin ajiyar jini na rufe ƙofa, na yi kuka har na gode Allah. Aka ce sai zagaye na gaba, in likitocin sun sake zuwa baɗi.

Injiniya bai ga baɗi ba. Damina na tsaka, wata rana da azahar, abokan aikinsa suka kawo shi a keke daga Bolari. Wai ya gaji da zaman zaure ne ya je garejin ya zauna ana hira, ya sunkuya zai miƙa wa wani sufana, sai ya kife. Ina bakin aiki ranar. Mun yi iya yinmu, amma ko kafin a kira la'asar rai ya yi halinsa.

Na je gaisuwa. Tsohuwar tana tsakiyar tabarma tana kuka tana kiran maigidanta, mata sun kewaye ta suna ba ta haƙuri. Uwar kuwa tana ta kai da kawo da kofunan ruwa, idonta a bushe ƙamas, kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Ina ji wata a kusa da ni tana cewa, “Kai, baiwar Allah nan akwai fulako. Ko ɗigon hawaye.” Sauran suka gyaɗa kai suna yaba mata. Na tashi na fita ban yi wa kowa sallama ba, don in na buɗe baki a lokacin abin da zai fito ba zai yi daɗin ji ba. Na yi fushi da ita, fushi mai tsanani. Na yi fushi da tsohuwar, da waɗanda suka zauna can nesa suka tsara tambayoyi ba su san mu ba, har da shi mamacin.

Bayan an yi sadakar arba'in, wata safiya ina jera kwalabe sai na ji an yi sallama a hankali. Ita ce, ita kaɗai, ta rame har na so in kasa gane ta. Ta shigo ta mayar da ƙofa ta rufe da kanta, ta zauna a kujerar da surukarta ta zauna a wancan karon. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya a daƙile.

Ta ce, “Sista, ki ɗauko abin nan naki. Ki sake yi mini tambayoyin.”

Na ce, “Inna, an riga an rufe nasa. Ba inda za su je.”

“Na sani. Ki dai tambaye ni.”

Na ɗauko kwamfutar na ɗora a cinya, ban ko kunna ta ba, domin tambayoyin suna kaina. Na ce, “Yana iya kwanciya a miƙe?”

“Rabonsa da kwanciya tun azumin da ya gabaci na bara. A zaune yake barci. Ɗakina da na kakarsa bango ɗaya ne, ina jin numfashinsa. In ya tsaya sai in tashi zaune, in ya dawo in koma in kwanta.”

“Yana haki in ya yi tafiya?”

“Daga zaure zuwa bayi sai ya huta a gindin randa. Ni na matsar da turmi wurin don ya sami abin zama, na ce wa mutanen gida inuwa nake nema.”

“Yana tarin jini?”

“Yana yi. Yakan ɓoye tsumman a ƙarƙashin katifa. In ya fita in ɗauke in wanke in mayar, yana tsammanin kakarsa ce.”

“Ya taɓa suma?”

Ta ce ya taɓa, a tsakar gida, ranar babu kowa sai ita. Ta ɗora kansa a cinyarta tana yayyafa masa ruwa, ta ce rabonta da ta taɓa jikinsa tun ranar da aka yaye shi. Da ta ga ya fara motsi sai ta zare cinyar ta koma madafi, don kada ya buɗe ido ya gan ta.

Haka muka bi su har ta ƙarshe. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta san watan da kumburi ya fara, ta san abincin da ke tayar masa da tari, ta tuna har ciwon maƙogwaron da ya yi yana ƙarami da irin saiwar da aka jiƙa masa. Tun da na fara aikin nan ban taɓa samun amsoshi cikakku irin nata ba, ga shi ba su da wurin zuwa. Fushin da na yi ta dako a kanta ya zube, sai wani baƙin ciki da ya fi shi nauyi ya maye gurbinsa.

Ta ce, “Sista, tsakaninki da Allah, da na faɗa ranar, da an yi masa?”

Na san amsar, amma na ce, “Inna, kwanansa ne ya ƙare.”

“Na san kwana ne.” Ta kalli hannayenta. “Amma kin tsallake tambaya ɗaya. Ta farkon.”

Da gangan na tsallake ta, don na san ba a yi wa uwar ɗan fari ita. Na ce, “Yaya sunan majiyyacin?”

Ta buɗe baki, sautin ya ƙi fita. Ta sake gwadawa. Sai ta faɗe shi a hankali, kamar mai koyon magana, sannan ta sake faɗa da ƙarfi. Daga nan ta kifa kai a kan teburin da nake jera kwalabe, ta yi ta kiransa tana kuka, ni kuma na tashi na jingina da ƙofa don kada wani ya shigo ya gan ta. Da ta gama ta wanke fuska a famfonmu, ta ja mayafi har kan hanci, ta yi mini godiya ta fita. Ban sake ganinta ba.

Na ci gaba da aikin har aka kammala shi, amma ban koma yadda nake ba. Tsokanar ma ta ragu. Wani lokaci nakan zauna in yi tunanin tawa mahaifiyar, in ce ko ita ma ta yi ta saurarena ta bayan bango ban sani ba, ga shi babu halin in tambaye ta.

Abin da na koya shi ne, a wurinmu “lafiya lau” gaisuwa ce, ba a gina magani a kanta, kuma sau da yawa wanda ya fi kowa yin shiru a ɗaki shi ya fi kowa sanin ciwon. Tun daga ranar, in aka kawo mini majiyyaci, kafin in taɓa allura sai na tambaya ko ɗan fari ne. In aka ce e, sai in fitar da kowa, har kaka komai bakinta, in rufe ƙofa, in juya wa uwar baya don kada mu haɗa ido, in ce ta ba ni labarin wani yaro da ke gidansu. Ku kuma iyaye mata, ban ce ku zubar da kunya ba, da ita aka haife mu. Amma in kun shiga gaban likita, don girman Allah ku ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmanku, in kun fito ku ɗauka. Injiniya ya tafi kabari yana tsammanin mahaifiyarsa ba ta san inda ciwonsa ya kai ba.